Jarrabawar Malama Birki

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannunta ya san dalilin sunan. Malama Birki ta ƙarar da ƙuruciyarta a kujerar gefen direba, cikin wata 'yar ƙaramar mota mai tari, ƙafarta na kan birki na biyu da ake ɗaura wa masu koyarwa. Ta koya wa rabin gari tuƙi, amma ita kanta ba ta taɓa yin gudun da ya wuce na mai keke ba, kuma abin ya daɗe yana cin ta a rai.

Tana rufe makarantar tuƙin ta sayo motar da ta sa 'ya'yanta sakin baki. Mota ce launin toka, mai kujera biyu, ga ta can ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Cikinta fata ce mai laushi, kujerar har ɗumama bayan mutum take yi. Kusa da giya akwai wani madanni. In aka bar shi yadda yake, motar tafiya take a natse, ko rami ta faɗa ba a ji. In aka danna shi kuwa, to, sai mutum ya riƙe hularsa.

Ana cikin haka aka yi wa Malama aiki a ƙugu. Ta warke, ta ajiye sanda, sai dai tafiyar ta zama ta ɗingishi. Ran nan 'ya'yan nata biyu suka yi mata taron dangi a falo: babban, wanda kowa ke kira Lauya, da Auta, wadda take aikin jinya a asibiti.

"Umma, makullin motar nan muka zo karɓa," in ji Lauya, yana kallon kafet. "Za mu kawo miki babba mai tudu, da direba. Ki zauna a baya ki huta."

"Na huta da me? Gefe na zauna rayuwata duka, yanzu kuma baya za ku mai da ni?"

"Ƙugunki ne, Umma," in ji Auta. "Kuma motar nan gudunta ya yi yawa. Wallahi duk fitar da kika yi hankalina ba ya kwanciya."

Malama ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ranta ya ɓaci, ba kaɗan ba, don ta san da ƙauna suka zo, kuma faɗa da mai ƙaunarka ya fi kowane faɗa wuya. Amma ta san in makullin nan ya bar hannunta yau, ya tafi ke nan.

"To, ku gwada ni," ta ce. "Yadda nake gwada ɗalibaina. Kai za ka zauna a gefe. Ka tuna dokata?"

Lauya ya tuna, don shi ma sai da ta kayar da shi kafin ta bar shi ya je neman lasin. "Daga shiga har fita, in hannun malami ya taɓa wani abu don ya taimaka, ɗalibi ya faɗi."

"Shi ke nan. In na faɗi, ga makulli. In na ci, kada na ƙara jin zancen nan a gidana."

Shiga ba ta yi wuya ba, ai gangara ce. Ta juya bayanta ga kujerar ta zauna, ta ɗauko ƙafafun da hannu ta shigar. Ta gyara madubi, ta ɗaura bel, sannan ta zuba wa Lauya ido har sai da ya ɗaura nasa.

Suka bi layin unguwa sannu a hankali. Wajen tudun rage gudu ta karkata motar ta haye shi a kaikaice, ko ƙasanta bai gogu ba. Ta ba da sigina a inda ko akuya babu. A danja ta tsaya daidai kan layi, wani mai tasi yana ta danna mata hon, ita ko a jikinta. Lauya ya fara sakin jiki, har ya jingina kansa yana cewa lallai kujerar nan da daɗi.

Da suka fita babban titi, hanya ta buɗe, sai ta danna madannin. Muryar injin ta canza, ta yi kauri, sitiyari ya yi nauyi a hannunta. Ta taka totur. Kujera ta manne da bayansu, itatuwan gefen hanya suka haɗe suka zama abu ɗaya. Bawan Allah Lauya, sai ya dinga turmusa ƙafarsa ta dama a ƙasan motar iya ƙarfinsa.

"Me kake takawa?" ta tambaye shi, idonta na kan hanya. "Nan babu birkin malami. Nawa ne kaɗai."

"Umma, don Allah!"

"Dubi allurar gudu. Ban wuce abin da doka ta ce ba. Motar ce kawai ba ta san jinkiri ba."

Ya duba, haka ne kuwa. Ita dai dariya take, irin wadda bai taɓa jin ta yi ba tun yana yaro. Daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa, ba ta kuma ɓoye ba.

Suka dawo gida lafiya. Ta shiga da baya ta daidaita motar a gareji, ta kashe. Auta na tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa. Lauya ya fita ya zagayo.

Malama ta buɗe ƙofarta ta fitar da ƙafafu. Ta dafa sitiyari ta yunƙura, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Zaman ya sa ya sandare, kujerar kuma kusan a ƙasa take. Ta sake yunƙurawa, wani zafi ya soke ta har cikin ƙashi, ta koma daɓas. Gumi ya keto mata.

Lauya ya miƙo hannu. Ba wayo ya yi nufi ba, ɗa ne ya ga uwarsa cikin wahala.

"Janye hannunka."

"Umma, mun bar zancen jarrabawa. Kin ci."

"Ban fita ba tukuna. Na ce janye!"

Ta ja numfashi. Sannan ta yi abin da babu wanda ya zata a cikinsu: ta zamo daga kujerar ta durƙusa a kan simintin garejin, gwiwoyi da tafin hannu a ƙasa, cikin ƙura da ɗigon baƙin mai. Auta ta rufe baki ta fashe da kuka. Malama ba ta dube ta ba. Ta rarrafa ta kama bakin ƙofar motar, ta kafa ƙafar mai lafiya, ta ja jikinta a hankali har ta miƙe. Ta tura ƙofar ta rufe, ta tsaya tana haki.

"Ku ji ni da kyau," ta ce. "Ranar tana zuwa, na sani. Na sha gaya wa mutane cikin idonsu cewa ba su cancanci hanya ba, ba kuwa zan yi wa kaina ƙarya ba. Ran da na ga ban iya ba, ni zan kira ku na miƙa muku. Amma ba za ku zaɓa mini ranar ba."

Ta jefa makullin cikin jakarta ta ja zif.

Lauya ya durƙusa a gabanta, da kwat ɗinsa da komai, ya shiga kakkaɓe mata ƙurar da ke gwiwar zaninta. Ta buɗe baki za ta yi masa tsawa, sai ta fasa. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ta sakar masa nauyinta duka, don gaskiya ƙafar rawa take yi.