Kashi Na Tara

Mai aski ya haura shekara arba'in, amma in ka ɗaga jaridun da ke kan bencin shagonsa, littattafan zane za ka tarar a ƙasa. Tun yana firamare yake bin labarin Matuƙin Gajimare, wani jarumi da ke tuƙa jirgin ruwa a sararin samaniya. Kashi takwas ya tara, kowanne a cikin ledarsa. Na tara, inda labarin ya ƙare, shi ya gagara, don kaɗan aka buga kamfanin ya rufe.

"Gemu ya fara furfura, kana ta neman littafin yara," matarsa kan ce. Amma ita ce ta jiyo masa labari a bakin mai sayar da tsofaffin littattafai, wai wata tsohuwa a bayan tasha tana son rabuwa da kayan ɗanta da ya rasu.

Ya rufe shago ya tafi. Tsohuwar ta kai shi ɗakin mamacin. Gado a gyare, takalma a jere, kwalaye jingine da bango. A kwali na biyu ya ga kashi na tara, bangon ya yage, shayi ya ɓata gefe guda. Ya ɗauko shi ya miƙa mata.

"Mama, wannan nake nema."

Ta karɓa ta jujjuya shi. "Shi kuwa ya fi so. Har a asibiti yana ƙarƙashin filonsa. Ni ban yi karatu ba, ɗana. Me ke ciki ne da yake ta dariya shi kaɗai?"

Mai aski ya zauna a bakin gado ya fara karanta mata, yana nuna hotunan da yatsa, yana sauya murya. Da suka iso inda kukun jirgin ya bi ɓarayi da ludayi wandonsa na zamewa, tsohuwar ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta. Sai kuma ta share ido da bakin mayafi.

"Ashe nan ne," ta ce.

Ya karanta har ƙarshe. Jarumin bai mutu ba, gida ya koma. Da ya rufe littafin ta miƙo masa, amma yatsunta ba su sake shi ba. Ya ga haka, zuciyarsa ta karye.

"Ki riƙe abinki, Mama. Ƙarshen nake son sani, na kuma sani."

"To ni farkon ne ban sani ba."

Ranar da ba ya buɗe shago ya dawo da kashi na ɗaya, matarsa na biye da shi. Ya soma ke nan tsohuwar ta dafa hannunsa.

"A hankali mana, ɗana. Ban gama kallon hoton ba."