Ranar da Baba Lawwali Ya Mayar da Askarsa

Duk Tafoki an san Yahuza da abu biyu: noma da taurin kai. Shi ya sa da likitocin wani asibiti a Abuja suka gwada jinin 'yan gidansu, har da yayyensa biyu da ke aure a Ƙanƙara, suka ce nasa kaɗai ya dace da na ƙanwarsa Barakatu, mahaifiyarsu ta yi hamdala, sannan ta yi tagumi. Ta san halin ɗanta.

Barakatu shekararta goma sha tara, kuma da sikila aka haife ta. Dashen ɓargo za a yi mata. Likita ya yi wa Yahuza bayani yadda manomi zai gane: a cikin ɓargon kowa akwai ƙwayoyin da ke haifar da jini, kamar iri. Za a yi masa allura kullum don irin ya yawaita, ya fito daga ƙashi ya shiga jini, a rana ta biyar na'ura ta tace shi a ƙara wa Barakatu. Kafin ranar kuwa an riga an ba ta magani mai ƙarfi da zai share nata ɓargon. In ranar ta zo Yahuza bai shirya ba, an bar ta babu nata, babu nasa.

Yahuza ya ce ya ji, amma masararsa ta bushe a gona, ba zai zauna a Abuja yana ƙirga motoci ba. Da ƙyar likita ya yarda aka ba shi alluran a cikin kula mai sanyi, aka haɗa shi da Mansura, wata ma'aikaciyar jinya a Faskari, bisa sharaɗin ya dawo rana ta huɗu. An yi masa gargaɗi iri-iri, har da takarda. Ya yi ta gyaɗa kai, hankalinsa na wurin masara.

Rana ta uku abin ya same shi. Ba irin ciwon bayan da noma ke kawowa ba ne. Wannan daga cikin ƙashi yake tasowa, ƙugu da cinya da ƙirji, har sunkuyawa ta gagare shi. Da Mansura ta tambaye shi da safe ko akwai abin da yake ji, sai ya ce lafiya ƙalau, don yana tsoron a ce bai dace ba. A hanya ya yanke wa kansa hukunci, kamar yadda ya saba: mataccen jini ne ya taru. To, yaya zai ba ƙanwarsa jini mai datti? Gara a yi masa ƙaho a fitar da shi tukuna. Wallahi da kyakkyawar niyya ya tafi.

Ranar kasuwa ce, Baba Lawwali wanzami ya zo daga Sabuwa ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin darbejiya. Shi ke yi wa mahaifin Yahuza ƙaho tun yana raye. Ya kafa masa guda huɗu a baya, ya zuƙe, suka zauna jiran fata ta taso. Hira ta kai su kan Barakatu, Yahuza ya kwashe labari duka ya faɗa, har da ɗan alfahari. Tsohon ya riga ya cire ƙahonin ya zaro aska, sai hannunsa ya tsaya.

"Wato jinin da ke jikinka yanzu, shi za a ba yarinyar jibi?"

"Shi ya sa na zo, Baba. A cire mataccen, ta samu mai kyau."

Baba Lawwali ya goge askar ya mayar a zabira. "Shekara arba'in ina tsaga, ban taɓa zubar da jinin da anka yi ma wani alkawari ba. Wannan ajiya ce, ba naka ba ne. Tashi mu tahi wurin mai allurar. In ta ce a yi, ni da kaina zan yi maka."

Mansura ta wanke shi tas a gaban tsohon. Ta ce ciwon nan an faɗa masa zai zo, yana cikin takardar da bai buɗe ba: ɓargo ne ke aiki, iri ke fitowa. Da an tsaga shi rauni ya ruɓe ko zazzaɓi ya shiga, sai a ɗage ranar, alhali Barakatu ba ta da kwanakin jira. Ta ba shi maganin rage ciwo, ta kira likita ta shaida masa. Yahuza ya karɓi maganin. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya sauka masa har tafin ƙafa.

A Abuja ya kwanta awa biyar, allura a kowane hannu, jininsa na shiga na'ura yana dawowa. Abin da aka tara bai cika ƙaramar leda ba. Ma'aikatan suka yi ta dariyar zoben ƙaho huɗu da ke bayansa.

Da yamma aka bar shi ya tsaya a bayan gilashin ɗakin Barakatu, suna magana ta waya. Ta rame, gashinta ya zube. Ya tuna sau nawa ya same ta a dunƙule a ɗaki da damina, ya ce ragwanci ne, ta tashi ta kai abinci gona.

"Barakatu, kwana ukku na yi da ciwon ƙashi na kusa haukacewa. Ashe abin da kike ji ke nan tun kina goye. Ki yafe mani."

Ta yi murmushi, hawaye na bin kuncinta. "Yaya, ai ni ban taɓa riƙe ka ba."

Bayan kwana goma sha shida likita ya ce iri ya kama. Ta ƙara watanni a can kafin a sallame ta, kuma har yanzu tana shan magunguna, ana duba ta a kai a kai.

Ranar da ruwan farko ya sauka a Tafoki, Yahuza ya shigo gida a guje ya tarar da Barakatu tsaye a tsakar gida, ta miƙa hannuwa, ruwa na dukanta. Tun tana ƙarama ba a taɓa barin ɗigo ɗaya ya taɓa ta ba, don sanyi na tayar mata da ciwon. Ya buɗe baki zai daka mata tsawa ta shiga ɗaki, sai ya ga mahaifiyarsu a bakin ƙofa tana kallo, ba ta hana ba. Ya rufe bakinsa, ya tsaya kusa da ƙanwarsa suka jiƙe tare.