Zanen Gawayi a Bangon Nagoggo

Hannun daman Nagoggo ya kai daidai kunnenta ranar Talata, karo na farko tun da aka sa mata kafaɗar ƙarfe a Kano wata huɗu baya. Shekararta sittin da takwas, a Baure take, kuma sunanta yana cikin maniyyatan bana. Abin da take so shi ne ta yi jifan Shaiɗan da hannunta, ba ta wakilta wani ba.

Kafin a kai nan, Haulatu, likitar gashin ƙashi da ke duba ta a Daura, ta yi mako shida tana mamaki. Ta umarce ta ta riƙa tafiya da yatsu a jikin bango, ana zana inda suka tsaya da gawayi. Duk mako Siddiƙa, matar ɗan Nagoggo, tana kawo labarin zanen ya hau. Amma in aka auna a asibiti, hannun yana nan inda yake, bai wuce ƙirji ba.

Wata Asabar Haulatu ta hau motar Baure don ta gani da idonta. Zanen yana nan, layi bisa layi, har ya kusa kai tsayin ƙofa.

"Iya, yi mu gani."

Nagoggo ta matsa jikin bango. Kafin yatsunta su motsa, Siddiƙa ta durƙusa ta tallafi gwiwar hannun da tafi biyu, ta tura sama a hankali, sannan ta zana.

"Kullum haka kuke yi?"

"To likita, ina tsaye Iya tana nishi? Me mutanen gida za su ce da ni?"

"Ko buta ba ta bari in ɗauka," in ji Nagoggo. "Na zama jaririya mai furfura."

Haulatu ta juya ga bangon. Ta sa aka goge shi da ruwa, ta ce daga yau Siddiƙa ta tsaya bakin ƙofa, hannuwa a baya, kuma butar alwala Iya za ta riƙa ɗauka da kanta. Siddiƙa ta roƙi likita ta faɗi wannan a gaban maigidanta, don kada a ce ta yi sakaci. Haulatu ta faɗa.

Yanzu da hannun ya kai kunne, saura mako bakwai jirgin maniyyata ya tashi. Nagoggo ta fara gwaji da ƙwayar gyaɗa a tsakar gida, tana jefawa cikin ƙwarya daga taku uku. Haulatu ba ta ce Nagoggo za ta iya jifan ba tukuna.