Muryar Marigayi a Ƙaramar Mota

"Kama can, Hajiya," in ji Kunne. "Mu fitar da shi. Wannan ai ba akwatin sauti ba ne, gado ne."

Mai Sabulu ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta kama ɗaya gefen. Da ƙyar suka zaro akwatin katakon daga bayan ƙaramar motarta suka dire shi a kan sikelin da ke ƙofar shagon. Allurar ta yi rawa ta tsaya a kan kilo talatin da takwas. Bayan motar kuwa, da aka sauke masa wannan kaya, sai ya ɗago kamar wanda ya yi ajiyar zuciya.

Kunne tsoho ne mai haɗa rediyo da lasifika a motoci, kuma an sa masa sunan ne domin idan mota ta wuce da kiɗa yakan faɗi wace ƙofa ce ke karkarwa. Ya dubi allurar ya girgiza kai.

"Wa ya haɗa miki wannan?"

"Wani ne a bakin tasha. Na ce masa ina son ƙara."

"To, ya ba ki ƙara. Ga batir na biyu kuma a ƙarƙashin kujera, kilo goma sha biyar. Katan nawa na sabulu ke nan kike bari a gida kullum?"

"Huɗu. In na ƙara ko ɗaya, taya na goga jiki." Ta share hannunta. "Baba, ni ba kiɗa na zo nema ba. So nake in danne motar Auta a kasuwa yau ɗin nan. So nake kowa ya ji ni, shi kuma kada a ji ko tarinsa."

Kunne ya san labarin, kamar yadda duk layin ya sani. Shekara goma sha biyu ita da mijinta suna yin sabulu a ɗakin bayan gidansu. Ita ke dafawa tana yankawa, shi kuma ya loda a babbar mota ya zagaya kasuwanni, muryarsa da ya ɗauka tana fita ta lasifika. Kwana uku da rasuwarsa ƙaninsa Auta ya zo ya ce bari ya kai motar a duba birki. Wata bakwai ke nan ana duba birkin. Yanzu Auta na sayo wani sabulu mai araha ya naɗe shi a irin takardarsu, yana tallarsa da muryar yayansa. Mata biyu sun zo har ƙofar gidanta sun nuna mata hannayensu da suka saɓule. Da ta kai ƙara wurin dangin mijin, sai suka ce ta yi haƙuri, ai ɗan'uwa ne, kuma mace me za ta yi da babbar mota?

"Ba za ki fi shi ƙara ba," in ji Kunne. "Akwati huɗu gare shi da batir uku. In kika bi shi ta nan, motarki za ta zauna a ƙasa. Amma faɗa mini, in kin tsaya kusa da motarsa, kina gane abin da marigayi yake cewa?"

Ta girgiza kai. "Gum-gum kawai ake ji. Sai dai ka san shi ne."

"Yawwa. Kawo mabuɗi."

Ta zauna a kan benci tana kallonsa. Ya cire batir na biyu ya ajiye gefe. Ya kwance murfin ƙofofin, yana ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa, kunnensa a manne. Inda ya ji kukan gwangwani sai ya liƙa ɗan yankin roba kamar tafin hannu, ba ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Ramukan da iska ke kurɗawa ya toshe su da siririn soso. Ya fito da wani ƙaramin amfilifaya, abin ƙara ƙarfin sauti, wanda bai kai littafi girma ba, ya ɗaure shi a ƙarƙashin kujera, sannan ya hau kan kujerar katako ya kafa lasifikoki biyu na roba a rufin motar, ya karkatar da bakinsu daidai tsayin kunnen mutum.

"Waɗannan 'yan abubuwan?" ta ce. "Baba, kada ka sa a yi mini dariya. An riga an yi mini wadda ta ishe ni."

"Duka-duka kilo shida. Muryar mutum ba ta son akwati, Hajiya, hanya take so. Ina abin da za ki sa?"

Ta buɗe jaka ta ciro tsohuwar wayar mijinta. A cikinta ya ɗauki tallar tun farko, a ɗakin sabulu, ita tana tsaye a bakin ƙofa tana hana yara shiga. Wadda ke hannun Auta kwafi ce da aka yi ta juyewa daga waya zuwa waya. Tun ranar da aka dawo mata da wayar daga asibiti ba ta taɓa kunna tallar ba.

Kunne ya juye ta a kan ɗan kati, ya soka a rediyo, ya kai hannu zai kunna.

"A'a," ta ce da sauri. "Gwada da wani abu. Wannan sai a can."

Ya dube ta, ya murɗo labarai. Ya yi ta rage wannan yana ƙara wancan har muryar mai karantawa ta fito tas, kamar a kan bencin yake zaune tare da su.

Ta biya ta gida ta loda katan huɗun da ta saba bari, motar ba ta ko durƙusa ba. La'asar ta yi lokacin da ta shiga kasuwa.

Tun daga ƙofa ta jiyo motar Auta. Tana nan a inda marigayi ya saba tsayawa, tsakanin masu robobi da mai gyaran takalma, bayanta ya kusa taɓa ƙasa saboda nauyin akwatuna. Gilasanta na zuzzuga, kwanukan rumfar da ke gefe na amsawa. Auta na zaune a bakin ƙofa sanye da hular yayansa.

Ta tsaya a ɗaya gefen hanyar, daidai saitinsa. Ya hango ta, ya hango 'yan lasifikokin da ke rufin motarta, ya fashe da dariya har yana nuna wa mai takalma.

"Anti!" ya ƙwala. "Kofunan shayi kika ɗora a sama?"

Ta buɗe bayan mota, ta jera sabulu a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ta gyara su da kyau. Sannan ta koma ta danna maɓalli.

Da farko gyaran murya aka ji, ɗan ƙaramin tarin nan da yake yi kafin ya fara magana. Sai kuma: "Iyayena mata, ku matso, ba cizo nake yi ba."

Mai robobi ta saki bokitin da ke hannunta. Wata tsohuwa da ke wucewa ta juyo tana waige-waige, tana neman inda yake tsaye. Muryar ba ta kai rabin ta motar Auta ƙarfi ba, amma ta ratsa ta cikin gum-gum ɗin ta wuce, kowane harafi a fili, har numfashin da yake ja tsakanin magana da magana. Mai Sabulu ta riƙe gefen tebur da hannu biyu. Ba ta yi zaton zai fito haka ba.

Mata suka fara tsallakowa. Auta ya shiga mota ya ƙure ƙarar. Akwatunan suka fara kuka kamar ana yaga buhu, mai takalma ya toshe kunnuwa yana zaginsa. Ya sake murɗawa. Wani abu ya yi fas a ciki, warin ƙonanniyar waya ya taso, motar ta yi tsit.

Nan ta ɗauki makirfon. Wata bakwai tana shirya abin da za ta faɗa, kuma ta faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce wannan muryar mijinta ce, sabulun da yake talla kuwa hannunta ne ke yin sa, ga shi nan a kan tebur. Ta ce duk wadda hannunta ya saɓule ta tsallaka ta tambayi wancan mai hular inda yake samo nasa, ta kuma tambaye shi ko an gama duba birkin. Kasuwa ta ɗauki dariya da sowa. Mata uku suka nufi motarsa da ragowar sabulu a hannu, ɗaya ta jefa masa nata a ƙirji.

Sai da taron ya ragu ya tsallako. Ta miƙe tsaye, a shirye take da zagi, har so take ya fara. Amma ya wuce ta, ya tsaya a ƙarƙashin lasifikar, inda tallar ke sake zagayowa. Ya cire hular ya riƙe a hannu. Da aka zo wurin da marigayi ya yi 'yar dariya, hawaye suka zubo wa Auta.

Tallar ta ƙare.

"Anti," ya ce, muryarsa a dishe. "Tun da ya tafi ban ji shi haka ba. Don Allah ki sake sa mini, sau ɗaya kawai."

Ta dube shi. Idanunsa irin na yayansa ne, kuma hawayen ba na ƙarya ba ne, ta ga wannan sarai. Ta zura hannu ta taga ta zare katin, ta saka a jaka, ta ja zif.

"Kana da taka," ta ce. "Je ka ji a can."

Ya daɗe a tsaye kafin ya juya. Ita kuma ta koma ga matar da ke jiran sabulu uku. Sau biyu tana ƙoƙarin buɗe bakin leda, yatsunta suna ƙi, har matar ta karɓa ta buɗe da kanta.