Madubi a Hawa na Huɗu

Perpetua ta tura gadon da ƙugunta har ya daki gindin taga, tsohon da ke kwance a kai bai fasa mita ba.

"A hankali, 'yar nan, ba buhun dankali ba ne."

Ta yi tsaki. Talotalonta na biki na can kan wuta a ɗakinta, ga tsohon nan, maƙwabcinta Mista Casimir, nas ta ce da wuya ya kai yamma. Abu ɗaya ya roƙa: ya ga wucewar manyan balan-balan na faretin Ranar Godiya, bikin shekara-shekara na Amurka. Tun yana saurayi yake cikin masu riƙe igiyarsu, sai da gwiwa ta ce ta gaji. Duk benen nan ba wanda bai sha labarin ba: yadda a zamanin ubansa ake sakin su sama a bi su da gudu, da yadda aka yanka su lokacin yaƙi aka ba sojoji robar.

To, yau iska ta tashi New York a tsaye. Balan-balan da suka saba wucewa daidai tagarsa an janyo su ƙasa, sai an leƙa, shi kuwa ko kai ba ya iya ɗagawa.

Ganguna suka matso. Ta cusa masa matashi, bai isa ba. Ta gwada cicciɓarsa, ya yi wani nishi da ya sa ta sake shi. Ta kai gwauro ta kai mari, can ta faɗa banɗaki ta fizgo madubi, ta ɗage taga ta miƙa shi waje ta karkata shi.

"Ƙasa kaɗan," in ji shi. "Yauwa. Kar ki motsa."

Wani ƙaton balan-balan shuɗi mai siffar kifi ya cika madubin, yana tangaɗi.

"Ji sakarkaru. Na hagu sun yi sake. Ku ja mana."

Sanyi ya ƙage mata yatsu, ƙaurin talotalo ya shigo ta ƙofa, ba ta motsa ba. Ta tambaye shi ko yana gani, shiru. Ta sake tambaya. Tsoron waiwayawa ya kama ta, sai ta ci gaba da riƙo har balan-balan na ƙarshe ya sha kwana.

Da ta juyo, idonsa na kan madubin, ba numfashi. Igiyar labule na naɗe sau biyu a hannunsa na hagu, a ja.