Ƙwallaye Biyar a Kabad ɗin Burodi

Shekara talatin da ɗaya makullin kicin ɗin coci yana cikin jakar Leokadia Mazur. A unguwarmu ta kudancin Milwaukee babu wanda aka yi wa baftisma, ko aure, ko jana'iza, ba a ci girkinta ba. Sai ranar da aka binne mijin Regina Sobczak. Kowa ya gutsuri burodi sai ya ajiye. Naɗin kabeji da nama ma haka, komai warin man keken ɗinki yake yi. Faranti tamanin suka koma kicin a cike. Regina kuwa, matar da ta kwana huɗu a kan kujerar asibiti lokacin da aka yi wa Leokadia aikin gwiwa, ta sunkuyar da kai, dangin mijinta da suka taso tun daga Toledo suna ta kallon juna.

Sati bai zagayo ba kwamitin coci ya zauna. Marlene Gorski, wadda ta daɗe da sa ido a kan makullin nan, ta langaɓe murya ta ce ai tsufa ba laifi ba ne, hancin Goggo Leokadia ne ya mutu, mai ya lalace ba ta gane ba. Mutum bakwai ne a kwamitin, cikinsu har da Florian, mijin Leokadia. Yana zaune yana murza hularsa, bai ce uffan ba. Aka yanke ranar Asabar ƙarfe tara ta miƙa wa Marlene makulli a gaban Fada, limamin cocin.

"Ko tari ba ka yi ba," ta ce masa a mota.

"To me zan ce? Ni na san girki ne?"

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai ta iso don ta kwashe tukwanenta, gadon mahaifiyarta ne, ba za ta bar wa Marlene ko murfi ba. Tana shiga ta ji wani abu yana gurnani a lungu. Kabad ɗin ƙarfen nan ne mai ɗumi, wanda ake sa kwaɓin burodi ya tashi, ake kuma ajiye abinci kada ya huce. Ita dai ta san a kashe ta bar shi. Ta buɗe.

Warin ne ya fara marinta. Ƙwallayen bolin guda biyar, manya masu nauyi irin waɗanda ake gangarawa a kan layin katako don a zubar da katakai, jere a kan kantocin burodinta, kowanne yana naso, mai yana tsattsafowa a jikinsa yana ɗiga a tire. Ta sa tabarau ta karanta sunayen da aka sassaƙa kusa da ramukan yatsu. Sylvester. Ambrose. Chester. Leonard Gorski, mijin Marlene. Na biyar shuɗi ne, ba ta ma buƙatar karantawa. Ita ta saya wa Florian ranar da ya yi ritaya.

Nan take komai ya haɗu a kanta. Duk lokacin sanyin nan Florian mita yake yi, wai sababbin ƙwallayen nan shan mai suke yi, man da ake shafa wa katakon layi, in sun ƙoshi sai su daina lanƙwasa, su tafi miƙe kamar tirela. Sai an ɗumama su man yake fita. Ya jiƙa nasa a bahon wankanta, ta kore shi. Ya nufi obin ɗinta na gida, ta bi shi da tsintsiya. Ashe nan ya samo. Yau kuma ƙarfe goma suna da gasa a layukan bolin da ke ƙarƙashin coci, da mazan cocin ƙetaren kogi.

Ta rufe kabad. Ta ciro kwaɗon ɗakin fulawa ta datse ƙofar kabad ɗin, ta buga wa Regina waya, sannan ta haɗa kofi, ta jawo kujera ta zauna dab da maɓallin zafi.

Takwas da rabi ta ji makulli yana juyawa a ƙofar baya. Su biyar suka shigo da sanɗa cikin rigunansu na ƙungiya, Florian a gaba, sabon makulli yana ƙyalli a hannunsa.

"Sannunku da zuwa," in ji ta. "An ce hancina ya mutu. Zo ka sunsuna mini, Leonard, ko kai naka yana aiki."

Leonard ya ja da baya ya taka ƙafar Chester.

"Leokadia," in ji Florian, "tsaya ki ji."

"Yaushe ka yanka makullin?"

"Ba haka ba ne."

"Yaushe, tsohon banza?"

"Bayan Kirsimeti," Ambrose ya amsa daga baya. Florian ya juya ya harare shi.

"Haba Goggo," in ji Sylvester, ɗan yayarta ne, ƙato mai tumbi. "Ɗan ɗumi ne fa, a lamba ɗaya muke sawa. Kullum muna gogewa."

"Kuna gogewa! Kai da uwarka ta mutu ba ta taɓa ganin ka goge ƙafarka a bakin ƙofa ba. Wa ya riƙe ka wata shida lokacin da matarka ta watso maka kaya a titi? A teburin wa ka yi wannan tumbin?"



Tara daidai Fada Alojzy ya shigo, Marlene na biye da shi da sabon kwandon tawul, sai sauran 'yan kwamiti, sai Regina cikin baƙaƙen kaya. Kicin ya cika.

"Me ke faruwa?" in ji Fada. "Leonard, ba ƙasa ya kamata ku kasance ba?"

"Fada, ƙwallayensu suna cikin nan," in ji Leokadia. "Sauran bayani daga bakinsu za ka ji." Ta miƙa hannu ta murɗa maɓallin daga ɗaya zuwa uku.

Mazan suka yi ihu a tare.

"Za su tsage! Goggo, in ya wuce biyu tsagewa suke yi!"

"Na sani. Wata uku ina jin karatun nan a kan abincin dare. Duk wanda ya dubi Regina ya faɗa mata abin da ya ɓata abincin jana'izar mijinta, ya ɗauki nasa. Wanda bai faɗa ba ya tafi gasa da tarkace."

Ambrose ne ya fara, don shi ƙwallon ma da bashin surukinsa ya saya. Ya cire hula ya ce su ne, daren jajibirin jana'izar sun gasa ƙwallaye, man ya zuba a kan kantocin burodi. Leokadia ta buɗe kwaɗo, ya sure nasa da tawul, ta mayar ta datse. Chester ya biyo. Sylvester ya faɗa har da hawaye, ta ce ya share, ba a biya shi ba.

Da aka zo kan Leonard, Marlene ta riga shi.

"Leonard Gorski! Kana ji ina magana a kwamiti ka bar ni?"

"To ai ke kika ce kina son kicin ɗin."

"Rufe mini baki! Faɗa mata, ka ɗauki tsiyarka mu tafi."

Ya faɗa. Saura ɗaya. Leokadia ta murɗa zuwa huɗu.

Florian yana tsaye ya harɗe hannu, wuyansa ya yi ja.

"Mu je gida mu yi magana. Ba a gaban mutane ba."

"A gaban mutane ka yi shiru."

"Ni ne kyaftin ɗin ƙungiya, Leokadia. Shekara goma sha ɗaya ba mu ci mutanen can ba. Bana ne muke da dama."

"Shekara arba'in da shida ina wanke maka rigar da ke jikinka. Aka kira ni tsohuwa mai mataccen hanci kana murza hula. Ka san ba ni ba ce. Ka shiga mota ka kai ni gida, ka ci abincina, ka yi barci har da minshari."

"Malama Mazur," in ji Fada a hankali, "ai mun ji. Makulli yana hannunki, ba mai karɓa."

"Daga baki huɗu ka ji, Fada. Da saura."

Ba wanda ya motsa. Daga ƙasa ana jin baƙi sun fara gwaji, ƙwallo yana gangarawa, katakai suna zubewa. Florian ya dubi agogo, ya dubi abokansa, kowa ya rungume ƙwallonsa ya kau da kai. Ya buɗe baki ke nan sai aka ji tas! daga cikin kabad, kamar an karya busasshen itace.

Leokadia ta kashe maɓallin, ta buɗe. Shuɗin ƙwallon ya tsage tun daga ramin babban yatsa har ya zagaye, mai yana bin tsagar.

Florian ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce wani abu ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya. Regina ba ta ji ba."

"Ni ne," in ji shi. "Ni na kawo shawarar, ni na yanka makulli. Regina, ki yafe mini. Matata ba ta da laifi."

Regina ta dube shi sama da ƙasa. "Ka rubuta wa mutanen Toledo," ta ce. "Da hannunka. Ni ba zan sake yi musu bayani ba."

Leokadia ta buɗe tafin hannu, ya ɗora mata sabon makullin, ta jefa a jaka. Marlene ta ajiye kwandon tawul a kan tebur ta fice, sauran mazan suka sulale ƙasa, Sylvester yana tambaya ko akwai mai ara wa Florian ƙwallo. Florian ya juya zai bi su.

"Ina za ka?"

"Sun kusa farawa. Ba a wasa da mutum huɗu."

"Yau za a yi. Bokiti yana ƙarƙashin famfo, sabulu yana kan taga. Ka fara da kantar sama."