Ranar da Ganyen Cimal Ya Naɗe

Mutanen rugar makiyayan yak ne, shanun tsauni masu dogon gashi. Madara da dankali ba sa yanke musu, itacen wuta ne dai babu, sai su yi girki da busasshen kashin shanu. A gangaren nan kaf gindin cimal ɗaya ya rage, guntun itace iya ƙugu, kuma dattawa sun hana a taɓa shi.

Wata rana wata yarinya mai suna Diki ta karyo reshensa ta hura wutar shayi. Washegari sanyi ya tsananta, ta je ta tarar ganyensa duk ya naɗe ya langaɓe. Ta dawo tana kuka.

"Kaka, na kashe cimal."

"Ke ɗin? Ke da busasshen cuku ma ya gagari haƙoranki?" in ji Kaka Yangzom. "Ɗauko bargonki, mu je."

Suka zauna a gindinsa har rana ta hau tsauni. A hankali ganyen ya fara buɗewa, kore shar. Diki ta sauke ajiyar zuciya.

"Amma kar ki ƙara, ja'ira," in ji tsohuwar.

Diki ta gane cimal bai mutu ba. Dunƙulewa yake yi idan ya ji sanyi, kamar yadda take yi cikin bargonta.